Ina zan kai yarona ya koyi bugun besbol a New York da kewayenta?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Bronx ce ta aiko da wannan tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, ɗana mai shekara 11 ya ƙwallafa ransa a kan besbol, abokansa duk 'yan Dominika ne. Malamin wasanni na makarantarsu ya ce in riƙa kai shi keji yana bugu. Na duba waya, wurare sun fito barkatai, wasu a New Jersey, wasu can Long Island. Ban san na ɗauka ba, kuma ba kullum mota take hannuna ba. Ina zan dosa?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana. Na yi shekaru ina taya kocin yara a gasar unguwa a nan Bronx, kuma da ɗana na fara wannan yawo, lokacin da ni kaina ban san gaban wasan da bayansa ba. Don haka abin da zan faɗa miki na sha shi ne a ƙafa da aljihu.

Abin da ya rikita ki a wayar nan shi ne, abubuwa uku mabambanta ne suke amsa suna ɗaya. Idan kin rubuta "batting cage", wato kejin bugu, a taswirar Google, za ta haɗa miki su duka a kwano guda.

Na farko shi ne kejin kwabo. Yawanci a waje yake, a gefen filin golf ko wurin wasan yara. Ki sayi ƙwandalar inji ko kati, yaro ya sa hular kwano ya shiga, inji ya jefo masa ƙwallaye goma sha wani abu zuwa ashirin, shi ke nan, sai wata ƙwandalar. Babu mai gyara masa tsayuwa, babu mai ce masa uffan. Na biyu shi ne rumfar haya a cikin gini: doguwar raga ce kamar lungu, mai cikakken tsawo takan kai ƙafa 70, gajeruwar kuma ƙafa 55 ko ƙasa da haka. Ana biya ne da rabin awa ko awa, kuma abin da za a yi a ciki ya rage naku, ko inji, ko turken ɗora ƙwallo, ko wani ya tsaya bayan garkuwar raga yana jefo masa da hannu. Na uku makarantar horo ce mai koci, inda ake biyan darasi ko kuɗin wata. Gini ɗaya yakan haɗa na biyu da na uku. Farashi ma haka yake hawa: na farko 'yan daloli, na biyu gomomi, na uku kuwa nan ne aljihu yake jin jiki.

Shi malamin da ya ce "a kai shi keji", mai yiwuwa na farko yake nufi. Ni kuwa shawarata, kada ki fara da neman keji kwata-kwata. Ki fara da nema masa ƙungiya.

Dalili kuwa, ƙungiyar ce take da labarin kejin. Kejin da ya fi amfani a Bronx sau da yawa ba shi da allon talla. Wani yana ƙarƙashin ginin makaranta, wani a ɗakin motsa jiki na coci, wani a tsohon sito da aka rataya wa raga biyu a bayan garejin kanikawa. Kocin unguwa ne suka san su, su ne suke kama awannin hunturu tun watan Oktoba, kuma idan yara goma sha biyu suka raba kuɗin awa ɗaya, abin da zai faɗo kanki bai kai kuɗin abincin rana ba. Ke kaɗai kuwa idan kika je kama rumfa, ke za ki biya duka, kuma wa zai jefa masa? Ke?

Ƙungiyoyin da za ki nema iri biyu ne da farko. Akwai Little League, wadda aka kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania. A shafinsu na intanet akwai wurin da za ki sa adireshin gida ya nuna miki reshen da unguwarku ta faɗa ciki, domin su da iyaka suke aiki, ta gida ko ta makarantar yaro. Ki lura, shekarun yaro a wurinsu ana ƙirga su ne da ranar 31 ga Agusta, don haka mai 11 a gida zai iya zama mai 12 a takardarsu. Sai shirin RBI, wanda wani tsohon ɗan wasa, John Young, ya fara a Los Angeles a 1989 domin yaran unguwannin talakawa, daga baya babbar hukumar wasan, MLB, ta karɓe shi. A nan garin, ƙungiyar da aka sani da Harlem RBI tun 1991, wadda yanzu ake kira DREAM, tana aiki a Gabashin Harlem da Kudancin Bronx, kuma ba don riba take yi ba. Rajista yawanci tsakanin Disamba da Fabrairu ake yinta, wasa ya fara a Afrilu ya kai Yuni, sai wani ɗan gajeren zango a Satumba da Oktoba. Wanda ya jira sai ya ga yara sun fito fili da rigunansu sannan ya je tambaya, ya makara. Mu mutanenmu nan muke faɗuwa kusan kullum.

To bari in zagaya da ke yankin, daga ƙofar gidanki zuwa waje.

A cikin Bronx, fili ba ya yi mana ƙaranci. Idan kin sauka a tashar titi na 161 da jirgin ƙasa mai lamba 4 ko D, ga filin ƙungiyar ƙwararru ta Yankees da aka buɗe a 2009, ga kuma Heritage Field a tsallaken titi, daidai inda tsohon filin yake kafin a rushe shi. Filaye uku ne na jama'a a cikin lambun Macombs Dam. Ki je can ranar Asabar da hantsi a watan Mayu, ki tsaya jikin waya, za ki ga iyaye da kujerun naɗewa da kulolin ruwa. Ki tambayi uwa ɗaya inda ɗanta yake bugu da hunturu. Abin da za ta faɗa miki cikin minti biyar ya fi abin da waya za ta ba ki a mako. Ko Turancinta bai nuna ba, lambar koci dai za ta ba ki. A bakin kogin Harlem, a Morris Heights, akwai lambun jiha mai sunan Roberto Clemente, ɗan wasan Puerto Rico da ya rasu a haɗarin jirgin sama a ranar ƙarshe ta 1972 yana kai kayan agaji Nikaraguwa bayan girgizar ƙasa. Akwai filayen besbol a wurin, kuma tashar jirgin ƙasa na Metro-North tana manne da shi. Sai lambun Crotona, sai na Van Cortlandt a ƙarshen layin jirgi mai lamba 1, inda za ki ga 'yan besbol a gefe ɗaya, 'yan kurket na Karebiyan da Indiya a ɗaya gefen.

Kejin kwabo da na fi sani a Bronx shi ne na Turtle Cove, a kan hanyar City Island cikin lambun Pelham Bay. Wurin golf ne da ke da kejuna a gefe. Ba sai da mota ba: jirgi mai lamba 6 har ƙarshen layi, sai bas Bx29. A waje yake, don haka harkar lokacin ɗumi ce. A Manhattan kuwa akwai Chelsea Piers a bakin kogin Hudson wajen titi na 23, cikin gini ne, yana da tsafta da tsari, amma kuɗinsa na Manhattan ne. Tsibirin Randall's cike yake da filaye, fiye da sittin idan aka haɗa na kowane wasa, kuma can ne ƙungiyoyi da yawa suke buga wasanninsu. Idan wata rana hanya ta kai ku Brooklyn, ki nuna masa Parade Ground da ke jikin lambun Prospect, inda shahararrun 'yan besbol Sandy Koufax da Joe Torre suka yi wasa suna yara.

Da an fita daga birnin, lissafi ya sauya. A Westchester da arewacin New Jersey da Long Island haya ta fi sauƙi, shi ya sa manyan gine-ginen horo suka fi yawa a can, masu rumfa shida ko goma a jere. Za ki ci karo da sunaye irin su Frozen Ropes da D-BAT, masu rassa a jihohi daban-daban. Za ki ga Diamond Nation a Flemington ta New Jersey, da wanda aka daɗe ana kira Baseball Heaven a Yaphank ta Long Island. Waɗannan biyun na ƙarshe kada hotunansu su ruɗe ki. Wuraren gasa ne na ƙungiyoyin da ke tafiye-tafiye, ba inda za ki riƙa kai yaro bugu ranar Talata bayan makaranta ba ne. Daga Bronx tafiyar ta haura awa guda ko da hanya ta yi kyau. New Jersey kuma ki sa kuɗin gadar George Washington a lissafi, ana karɓarsa ne a dawowa, ga cunkoson yammacin Lahadi.

Ƙa'idata mai sauƙi ce: wurin da za ku iya zuwa sau biyu a mako ba tare da an yi faɗa a gida ba, shi ne wurinku. Na ga iyaye da yawa sun biya kuɗin wata uku a wani katafaren wuri a tsallaken gada, suka je sau huɗu, dusar ƙanƙara ta sauka, shiru kake ji. Yaron da ke buga ƙwallo hamsin a lungun makwabta kowace Talata da Alhamis zai wuce 'ya'yansu kafin bazara.

Kuma kafin ki ɗaga ƙafa, ki buga waya. Harkar nan ana buɗewa ana rufewa kamar shagon shayi. Na taɓa kwasar yara huɗu a mota muka tsallaka gada da sanyin Janairu, taswira tana ce mana wurin a buɗe yake, hotuna suna sheƙi. Muka isa muka tarar an mayar da shi wurin ajiye kujeru da katifu. Yaran nan har yau idan sun gan ni sai sun tuna mini. Tun daga ranar, abin da nake dubawa a taswira shi ne kwanan watan sharhin ƙarshe da wani ya rubuta, ba yawan taurari ba. A wayar ki tambayi abu huɗu: shin ana zuwa kai tsaye ko sai an kama lokaci, mafi ƙarancin gudun injinsu nawa ne, wace irin ƙwallo yake jefawa, kuma suna ba da aron sanda da hula? Daga Janairu zuwa Maris, daren ranakun aiki da safiyar Asabar ƙungiyoyi sun riga sun kame su. Mai zuwa shi kaɗai sai dai ya samu ƙarfe uku da rabi na yamma ko daren Lahadi.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai, domin nan ne ake ɓata yara ba a sani ba: maganar gudun inji.

A jikin kowane keji za ki ga an rubuta lamba, 40, 50, 60, 70, wato mil nawa ƙwallo take gudu a awa. Yaro kuwa, da abokansa suna kallo, ƙafarsa mai 70 za ta nufa. Amma lambar nan ita kaɗai ba ta gaya miki komai, sai kin san tazarar da ke tsakanin inji da mai bugu. A rukunin 'yan shekara 9 zuwa 12 na Little League, mai jifa yana tsayawa ne ƙafa 46 daga mai bugu. Na manya ƙafa 60 da inci 6 ne. A tsakani akwai rukunin ƙafa 50. Abin da mai bugu yake fama da shi lokaci ne, wato tsawon abin da ido da hannu suke da shi kafin ƙwallo ta iso. Ƙwallo mai gudun mil 50 daga ƙafa 46 tana ɗaukar kusan kashi shida cikin goma na daƙiƙa. Idan gini ya yi wa masu wurin kaɗan suka matso da injin zuwa ƙafa 35, wannan mil 50 ɗin dai zai iso wa yaro kamar mil 66 a filinsa. Kin ga an rubuta 50, amma abin da yake fuskanta ba 50 ba ne. Lissafin ba wuya: ki ninka gudun da tazarar filinsa, ki raba da tazarar kejin. Da wannan lissafin ne ake cewa yaron da ya jefa mil 70 a gasar duniya ta Little League a Williamsport kamar babba ne da ya jefa mil 92. Don haka idan kun shiga, ki taka daga inda yake tsayawa zuwa bakin ragar injin ki ƙiyasta, ko ki tambayi yaron da ke kan kanta. Ga ɗan shekara 11 da bai daɗe da farawa ba, 40 zuwa 45 ya ishe shi.

Yadda za ki gane ya yi masa sauri ko da ba ki san wasan ba: cikin ƙwallo goma, nawa ya sama da kyau har kika ji ƙarar ta fita tas, ƙwallon ta nufi tsakiyar ragar baya? Idan bai kai biyar ba, ko kuma duk bugunsa yana karkata gefe guda saboda sandar tana makara, ku koma na ƙasa. Yaron da inji ya fi ƙarfinsa yakan koyi dabarun tsira: ya fara lilo da sanda tun ƙwallo ba ta fito ba, ya janye ƙafar gaba, ya kau da kai. Mako uku na wannan, sai koci ya yi wata uku yana kwancewa.

Injinan ma iri-iri ne. Akwai mai hannu, wanda aka fi sani da Iron Mike, ƙarfe ne da ke juyowa a hankali ya ɗauki ƙwallo ya wurgo ta sama kamar hannun mutum. Shi na fi so wa yara, domin suna ganin hannun yana tahowa, sai su koyi lokacin ɗaga ƙafa. Akwai mai taya, irin na JUGS da Hack Attack, inda taya biyu ko uku suke matse ƙwallo su tofo ta. Wannan zai iya jefa mai lanƙwasa, yana da amfani ga manyan yara, amma idan babu mutum da ke ɗaga ƙwallon ya nuna kafin ya saka, yaro ba ya ganin komai sai fitowarta kwatsam. Wasu wuraren sun sa na'urori irin su HitTrax da Rapsodo, allon talabijin ya nuna gudun ƙwallo bayan bugu da inda za ta faɗa a fili. Yara suna son abin kamar me. Ba laifi a yi sau ɗaya a wata don a ga ko ana gaba, amma ban ga dalilin ƙara kuɗi dominsa kowane zuwa ba a shekarunsa.

Sai maganar sanda, wadda ni ta ci ni. Yawancin kejin kwabo ba ƙwallon fata mai ɗinki suke jefawa ba, wata rawaya ce ta roba mai tauri mai ƙananan ramuka a jiki kamar ƙwallon golf. Tana da juriya, ruwa ba ya lalata ta, amma tana cin sanda, musamman mai tsadar nan da ake yi da zaren kabon. Na saya wa ɗana irinta da kuɗin da na tara, muka kai ta kejin waje wata safiya mai sanyi, kafin mu tashi sautinta ya koma kamar na fasasshiyar ƙwarya. Da na nemi canji sai aka nuna mini rubutun da ban karanta ba: garanti bai shafi ƙwallon keji ba. Ki nemo masa tsohuwar sandar alminiyam ta hannu, ko ya yi amfani da ta aron wurin, ta wasa kuma ta zauna a jaka.

Kafin ki sayi ta wasan ma, ki jira ki san ƙungiyarsa, domin kowace da tambarin da take karɓa. Tun 1 ga Janairu 2018, Little League da ire-irenta sai sanda mai tambarin USA Baseball. Gasannin tafiye-tafiye da yawa suna karɓar mai tambarin USSSA, wadda ta fi tunkuɗa ƙwallo, amma idan ya shiga wasan Little League da ita alƙali zai fitar da ita. A makarantun sakandare na ƙasar, mai tambarin BBCOR ake amfani da ita. A jikin sanda za ki ga lamba kamar -10: bambanci ne tsakanin tsawo da nauyi, wato mai inci 30 tana da nauyin oza 20. Yaro mai shekarunsa yawanci inci 29 ko 30 ne. Ga kuma wani abu na garin nan kaɗai da mutane da yawa ba su sani ba: tun 2007 majalisar birnin New York ta hana sandar ƙarfe a wasannin sakandare, da ta katako ake bugawa. Idan ɗanki zai daɗe a harkar, ki sa ya riƙa taɓa ta katako tun yanzu. Ita ba ta rufa wa kowa asiri, idan ba tsakiya ka sama ba hannunka ne zai gaya maka. Hula kuwa ki duba tambarin NOCSAE, shaidar ingancin kariya, a bayanta, kuma in da hali ya samu tasa, ta aro ta ga kawuna da yawa.

Game da darasi wurin koci, ban hana ki ba, amma ba yanzu-yanzu ba, kuma ba kowane mako ba. A bangon kowace makarantar horo za ki ga hoton koci da rigar wata babbar ƙungiya. Iya wasa daban, iya koyar da ɗan shekara 11 daban. Ki nemi izinin zama ki kalli darasin wani yaro kafin ki biya. Wanda ya ƙi, kin samu amsarki. Ki lura ko kocin yana ba yaro gyara ɗaya ya bar shi ya maimaita, ko kuwa yana zuba masa magana goma a kan lilo ɗaya. Ki lura ko wayarsa tana hannunsa. Ki lura ko ya fara da turke. Turken nan, sandar roba ce a tsaye da ake ɗora ƙwallo a kai, yara suna raina shi suna cewa na jarirai ne, alhali ƙwararrun da ke karɓar miliyoyi da shi suke fara atisayensu. Darasi ɗaya a mako biyu ko uku, tare da aikin da zai yi a tsakani, ya fi darasi kullum ba maimaici. Kada ki sa hannu a yarjejeniyar shekara, kada ki bar katin banki a inda ake cira kai tsaye sai kin ga yadda ake fita a rubuce. Kuma ki tambaya ko ana binciken tarihin masu hulɗa da yara. Little League ta wajabta wannan ga masu taimaka mata, gidan haya mai zaman kansa kuwa sai kin tambaya. Wurin da ke da ƙofa a rufe, babba ɗaya da yaro ɗaya, iyaye a waje, ni ba na barin nawa.

Za a zo miki da maganar ƙungiyar tafiye-tafiye, watakila tun a zuwa na biyu. Wani zai ce yaron yana da baiwa, kada a bar shi a gasar unguwa. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma gidan ne yake da ƙungiyar kuma yana neman cike gurbi. Kuɗinta na shekara yakan shiga dubbai kafin a zo ga otal da mai. Ki bar shi ya yi kaka ɗaya ko biyu a unguwa tukuna. Shahararren ɗan besbol Manny Ramirez daga makarantar gwamnati ta George Washington da ke Washington Heights ya fito, nan tsallaken kogi.

Idan ya ce shi jifa yake so, to nan kuma ki zama mai gadin hannunsa, domin ba kowane koci zai yi miki ba. Ƙa'idar Little League ga 'yan 11 da 12 ita ce jifa 85 a rana, iyaka ke nan. Wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu, 51 zuwa 65 kwana uku, 36 zuwa 50 kwana biyu, 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Jagorar Pitch Smart ta MLB da USA Baseball ta ƙara da cewa yaro ya samu hutun jifa na wata huɗu a shekara, biyu zuwa uku daga ciki a jere. Matsalar gine-ginen hunturu ke nan: sun kashe hutun da sanyi yake tilastawa a da. Yaro ya yi jifa a ƙungiyar unguwa ranar Asabar, a wata ƙungiyar ranar Lahadi, a darasi ranar Talata, kowane koci nasa kawai yake ƙirgawa. Ke kaɗai ce za ki iya haɗa jimilla. Tiyatar gwiwar hannu da ake kira da sunan ƙwararren mai jifa Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi masa a 1974, a da ta ƙwararru ce, yanzu 'yan sakandare ma ana yi musu. Idan ɗanki ya ce miki gwiwar hannu ko kafaɗa tana ciwo, a ajiye ƙwallo, a ga likita, ba a shafa man zafi a koma ba.

Wani ɗan abu da ya shafe mu: idan azumi ya faɗo cikin lokacin atisaye kuma yaron ya fara ɗauka, ki faɗa wa koci tun da wuri. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi saurara ba. Rumfar cikin gini bayan shan ruwa ta fi masa filin rana nesa ba kusa ba. Wasannin safiyar Asabar da Lahadi kuma suna karo da Islamiyya, wannan sai kin zauna da malaminsu da kocin kun tsara, kuma gara a yi maganar ranar rajista.

Ga abin da zan yi a makon nan da ni ne ke. Yau da dare in sa adireshi a shafin Little League, in kuma nemi lambar ofishin DREAM. Ranar Asabar in ɗauki yaron mu je Heritage Field ko Roberto Clemente, in yi magana da iyaye biyu ko uku, musamman iyayen abokan nan nasa 'yan Dominika, domin su wasan nan gadonsu ne kuma sun san kowane lungu mai raga daga Fordham zuwa Hunts Point. In leƙa cibiyar wasanni ta hukumar lambunan birni da ke kusa, tunda katin yara kyauta ne, in tambayi ko suna da shirin besbol. Sannan in sayi turke ɗaya, da bokitin ƙwallayen roba masu huji, waɗanda ba sa fasa gilashi kuma ba sa nisa. Da su za ku iya zuwa kowane lungu na lambu, ko filin ƙwallon hannu mai bango idan ba kowa, ki zauna a kan bokitin kina ɗora masa ɗaya bayan ɗaya, talatin zuwa hamsin, ya tsince su da kansa. Ranar da yanayi ya yi kyau kuma kuɗi ya ɗan samu, ku hau jirgi mai lamba 6 zuwa Turtle Cove, ki saya masa zagaye uku a keji mafi sanyin gudu, ki sa ya fito ya huta tsakanin kowane zagaye ko da babu kowa a layi.